Kafin ka tura wa Gwaggo bidiyon mai maganin nan

A hutun da ya wuce da na je gida Zango, na tarar da wata robar lita ɗaya cike da jan ruwa a ƙarƙashin gadon gwaggona. Naira dubu 15 ta saye ta, ban da kuɗin direban da ya ɗauko ta daga Kano zuwa tashar Daura. Ɗanta na fama da sikila tun yana goye, yanzu shekararsa 11. Ta nuna mini bidiyon da ya sa ta sayar da akuyarta: wani bawan Allah sanye da farar riga irin ta likitoci, yana rantsuwa cewa cikin wata uku maganinsa zai mayar da SS ya koma AA.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Gwaggo ba ta da TikTok. Ba ta ma san yadda ake shiga ba. Ɗaya daga cikinmu ne, mu yaran gidan masu manyan wayoyi, ya kwaso bidiyon ya jefa a zauren WhatsApp na dangi, ya rubuta "Allah Ya sa a dace" a ƙasa, ya wuce abinsa. Shi bai yi asarar ko sisi ba.

Na ce mata, "Gwaggo, babu ruwan da za a sha ya canza SS. Abu ne da ake gado daga uwa da uba, a rubuce yake cikin halittar mutum." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, boko ya cinye maka kai. Su Turawan da kake taƙama da su, daga ina suka samo nasu maganin in ba daga itace ba?"

Shiru na yi, domin ta faɗi gaskiya. Sai dai rabin gaskiyar ta faɗa, ɗaya rabin kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ka a asibiti ko a kemis, mai ƙwaya 24 ɗin nan da ake sha kwana uku. Asalinsa ganye ne, ɗan'uwan tazargade da ke tsirowa a Chana. A 1969 aka ɗora wa wata mata mai suna Tu Youyou aikin nemo maganin maleriya. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka yi ta gwadawa a kan ɓeraye suna faɗuwa. Ganyen nan wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Sai ta koma wani tsohon littafin magani da aka rubuta shekara kusan 1,600 da suka wuce, ta lura cewa shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Nan ta gane zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Ta canza dabara, ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓerayen a 1971. Kafin a ba marasa lafiya, ita da wasu abokan aikinta suka fara sha da kansu don a ga ko yana da illa. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Ka lura da abin da ya faru. Ilimin na kakanninsu ne, ba wanda ya musa. Amma sai da aka faɗi sau 190 kafin a dace, kuma duk faɗuwar a rubuce take. Mai farar rigar TikTok bai taɓa gaya mana ya faɗi ko sau ɗaya ba.

Wannan ganyen dai shi ne ya dawo mana ta wata ƙofar a 2020, lokacin korona, da shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito yana kurɓar wani jiƙo a gaban kyamara yana cewa an samu waraka. Kun tuna yadda muka cika Facebook da "Afirka ta yi abin da ya gagari Turawa"? Tazargade har tsada ta yi a kasuwa. An kawo jiƙon Najeriya, aka miƙa wa cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja. Ta bincika, ta ce ba ta ga wata hujja da ke nuna yana warkar da korona ba. Ganye ɗaya, labari biyu. Bambancin kawai shi ne can an gwada kafin a yi shela, nan kuwa an yi shela kafin a gwada.

To yanzu bari in zo kan sikila, tunda ita ce ta ci akuyar Gwaggo. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ita. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da AS. Mutane da yawa ba su san cewa ƙasar nan ta taɓa fitar da maganin sikila nata na kanta ba, daga hannun mai maganin gargajiya kuma. Wani limamin coci a jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, yana da haɗin da yake ba masu ciwon. A farkon shekarun 1990 ya yarda ya buɗe sirrinsa ga NIPRD, lokacin Farfesa Charles Wambebe na shugabanta. Aka yi yarjejeniya a rubuce, aka kuma sa sunansa cikin masu haƙƙin mallakar maganin. Kayan haɗin guda huɗu ne: masoro, kanumfari, karan dafi, da wani itace da Yarabawa ke kira osun. Uku daga ciki, in ka tsaya gaban mai kayan yaji a kasuwar Zango ko ta Mai'adua, za ka same su ko ka samu wanda zai kawo maka.

Kada wani ya karanta nan ya ruga ya dako su ya ɗura wa yaro, don Allah. Aikin da ya ci shekaru shi ne gano nawa za a sa na kowanne, yadda za a tatso shi, da yadda ƙwayar da aka yi yau za ta zama daidai da wadda za a yi baɗi. An gwada a ɗakin bincike, an gwada a dabbobi, sannan aka gwada a marasa lafiya 82 ta hanyar da wasu ke shan maganin, wasu na shan ƙwayar da ba komai cikinta, kuma daga likita har majinyaci ba wanda ya san wa ke shan me sai an gama. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Ragewa fa, ba warkarwa ba. Ba wanda ya ce SS ya koma AA. Aka sa masa suna Niprisan.

Daga nan labarin ya koma irin namu na gida. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisin sarrafa shi, a 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Ba a jima ba kamfanin ya afka rikicin kuɗi, ya durƙushe a 2008, aka janye lasisin, maganin ya ɓace daga kasuwa, iyayen da suka saba saye suka koma neman na bakin titi. Sai a 2018 aka sake ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker, wanda ya fito da shi da sunan Niclovix. Kimiyyar ta yi nata, mu ne muka kasa riƙe abin da ta ba mu har kusan shekara goma. Kuma har yau masana na cewa ana buƙatar gwaji mai faɗi fiye da na mutum 82 ɗin nan.

Me ya sa nake ganin wannan zance ya fi muhimmanci yanzu fiye da da? Saboda hanyar neman magani ta canza ƙwarai cikin 'yan shekarun nan, mu kuma muna can muna gardamar wa ya fi wa mabiya.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Yawancin magunguna suna aiki ne kamar makulli da kwaɗo. A jikinka, ko a jikin ƙwayar cutar da ta shige ka, akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira furotin, kowanne da siffarsa. Magani ɗan sinadari ne da ke shiga wani lungu na furotin ɗin ya toshe shi ko ya tashe shi. In ba ka san siffar kwaɗon ba, sai dai ka yi ta gwada makullai da ka. A da, gano siffar furotin ɗaya kan ci wa mai digiri na uku shekaru. A 2020 kamfanin DeepMind na Landan ya nuna manhajar AlphaFold, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda ke hasashen siffar cikin ɗan lokaci kaɗan. Zuwa 2022 sun zuba siffofi sama da miliyan 200 a intanet kyauta. Kyauta fa. Da datar da kake ƙonawa a kallon rawa za ka iya buɗe rumbun daga Yardaje ko Rogogo, in sabis ya yarda. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker saboda wannan fage.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne neman makullin. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka koya wa kwamfuta siffofin sinadarai kusan 2,500, wanne ke kashe bakteriya wanne ba ya kashewa, sannan suka sake ta cikin wasu dubbai. Ta zaƙulo musu wani da aka taɓa gwadawa don ciwon suga aka watsar, sai ga shi yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari magunguna da yawa. Suka sa masa suna halicin. Bayan haka suka tace sinadarai sama da miliyan 100 cikin kwana uku. Akwai kuma na'urorin da za ka ba su ɗigon jiƙon ganye su rarrabe maka sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, abin da a zamanin Tu Youyou sai an yi watanni. Kuma ba Turai da Amurka kaɗai ba: a jami'ar Cape Town, cibiyar H3D da Farfesa Kelly Chibale, ɗan Zambiya, ya kafa a 2010 ta fitar da sinadarin maleriya da ya kai matakin gwaji a jikin mutane, na farko da aka jagoranci nemansa daga Afirka.

Sai dai a nan ne mu 'yan jarida, ko masu koyon aikin irina, muke tafka ta'asa. Ni kaina na taɓa kwafo wani labari mai kanun "An gano maganin ciwon daji" na watsa, aka yi ta tura shi, ina ta jin daɗi. Da na koma na karanta asalinsa daga baya, ashe a jikin ɓera aka yi gwajin. Halicin ɗin nan da na gama yabo, har yanzu ba magani ba ne da likita zai rubuta maka. Kwamfuta hasashe take yi. Bayan ita akwai ɗakin gwaji, akwai dabbobi, akwai mutane 'yan kaɗan don a ga ko yana cutarwa, sannan ɗaruruwa, sannan dubbai. Tafiyar kan ci shekara 10 zuwa 15, kuma cikin goma da suka kai matakin mutane, kusan tara faɗuwa suke yi. Har wanda ya tsallake ma ba a daina sa masa ido. Oxbryta, sabon maganin sikila da Amurka ta amince da shi a 2019, kamfanin Pfizer ya janye shi daga duniya baki ɗaya a Satumbar 2024, bayan alƙaluma sun nuna haɗarinsa ya fi amfaninsa. An gane ne domin akwai masu ƙirga wanda ya sha, da abin da ya same shi. Wa ke ƙirga yaran da suka sha jan ruwan Gwaggo?

Akwai ma maganin da ke gyara sikila daga tushe yanzu, ta hanyar gyaran ƙwayar halitta. Casgevy sunansa, Ingila da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, mutum ɗaya. Ciwon a gidanmu ya fi yawa, maganin kuma ko hanyar gidanmu bai sani ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa in muka zauna jiran a yi mana, za mu daɗe.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Ai gwajin nan nasu da mu suke yi, ka manta Kano?" Ban manta ba, ko da yake ba a haife ni ba lokacin. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan ba maganin ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon wannan abu na cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda ya ce tsoron mutanenmu jahilci ne kawai, bai san tarihi ba.

Amma a Kanon nan dai, an yi wani gwajin da ba mu cika jin labarinsa ba, saboda ba abin tashin hankali a cikinsa. Likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt, sun bi yara 220 masu sikila waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Suka ba su wani tsohon magani mai araha, hydroxyurea, rabi kaɗan, rabi matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko kaɗan ɗin ma yana ba da kariya daidai da matsakaicin. Likitocinmu, yaranmu, da amincewar iyayensu, a kan tambayar da ta dame mu. Darasin Trovan a wurina shi ne mu zama masu riƙe da alƙalamin gwajin. Guje wa gwaji gaba ɗaya kuwa kai tsaye hannun mai farar rigar TikTok yake kai mu.

Yanzu mu dawo Zango. Ƙirƙirarriyar basira abin da aka ba ta take ci. In sinadaran sabara, marke, hano, kalgo, aduwa da maɗaci ba su shiga rumbunan da take karantawa ba, ba za ta taɓa zaƙulo su ba, komai wayonta. Kuma kafin masanin sinadarai ya san wane itace zai ɗauka, sai wani ya gaya masa cewa a ƙauye kaza ana jiƙa saiwar kaza don ciwo kaza, da safe ake sha, ba a ba mai ciki. Wannan ilimin yana kan tsofaffin ungozomomi, da wanzamai, da maharba, da Fulanin da ke kiwo tsakaninmu da Nijar. Suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Itatuwan ma suna bin su, tsakanin gatarin masu icen sayarwa da hamadar da ke matsowa. Ka tambayi duk wani dattijo nisan da yake tafiya yanzu kafin ya samu marke. Abin kunya, littafin da masu bincike ke komawa har yau don sunayen tsirranmu, wani likitan mulkin mallaka ne, J. M. Dalziel, ya wallafa shi a 1916. Sunan hano na kimiyya ma sunansa yake ɗauke da shi.

Wani zai ce in muka rubuta ai sace mana za a yi. Tsoron na da tushe, amma ka dubi bedin nan da ya cika titunan Daura. Wani kamfanin Amurka da ma'aikatar gona ta ƙasar sun taɓa samun haƙƙin mallaka a Turai kan maganin gwari da ake yi da man 'ya'yansa. Indiyawa suka kai ƙara, suka kawo hujjar cewa sun daɗe suna amfani da shi haka, aka soke haƙƙin a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Daga nan Indiya ta kafa rumbu guda na ilimin maganinta na gargajiya don kada a sake. Abin da ba a rubuta ba shi ya fi sauƙin sata, domin ranar shari'a ba ka da abin nunawa. Rabaran Ogunyale ma takarda ce ta sa sunansa bai ɓace ba.

Don haka ni abin da nake nema wurinmu ba mai yawa ba ne. Wayar da ke ɗaukar bidiyon biki za ta iya ɗaukar muryar kaka, da izininta, tana bayanin itace: sunansa, hoton ganyensa da ɓawonsa, inda yake fitowa, yadda ake haɗawa, wanda ba a ba. A ajiye da sunanta da kwanan wata, kada a watsa a matsayin talla. Muna da 'yan Zango da Baure da Sandamu da ke karanta harhaɗa magunguna a Zariya da Kano, da masu karanta sinadarai da ilimin tsirrai a Katsina, kowace shekara suna neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai. Ga shi nan a bayan gidansu. Mai maganin da ya yarda da haɗinsa kuma, a taimaka masa ya kai NAFDAC maimakon a taimaka masa ya samu mabiya.

Game da NAFDAC ɗin ma akwai abin da ya kamata kowa ya sani. In ka ga lambarta a jikin maganin gargajiya ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba an ga ba ya cutarwa a gwajin da aka yi, an ba shi izini na ɗan lokaci. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jiki. Masu talla sun san wannan sarai, shi ya sa suke ɗaga kwalbar su nuna lambar da sauri su sauke.

Robar Gwaggo ko L ɗin ma babu, sai lambar waya. Na kira, na ce ina son sanin abin da ke ciki da kuma mutum nawa aka gwada a kansu. Ya ce sirrin gidansu ne, in ina da shakka in bari, masu imani na saye. Na ce to ko zai haɗa ni da mutum ɗaya da ya koma AA, da takardar gwajinsa ta da da ta yanzu? Ya kashe wayar. Da na sake kira washegari, ya toshe ni.

Gwaggo ba ta zubar da ruwan ba, ta ce kuɗinta ne. Amma ta yarda yaron ya koma asibiti ranar da aka ba shi, kuma ta yarda in ɗauki muryarta tana faɗa mini abin da mahaifiyarta ke jiƙa wa mai shawara. Minti 40 ta yi tana magana, ta ambaci itatuwa tara. Biyu daga ciki na yi ta tambaya a gari, ban samu wanda ya san inda suka rage ba.